Mangwaron Cha'ibu da Tsintsiyar Ajuma

Cha'ibu ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa dole ya haɗiye. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a nan Gaya, kuma ba ta kai tsawon da za ta hana ni gani ba. Mutum ne da zama bai karɓe shi ba. Tun muna yara, in aka aike shi sayen gishiri sai a tsinto shi a bakin gada yana kallon manyan motoci, gishirin ya jiƙe a hannunsa. Da ya girma sai ya bi su. Ya fara da karen mota, ya zama direban kamiyo, ya shafe shekara talatin da ɗoriya tsakanin Kwatano da Yamai. Gaya a kan hanyarsa take, don haka gidansa ya zama tashar da ta fi kowace tuwo mai daɗi. Zai shigo da la'asar, ya yi wanka, ya ci, ya tambayi yara ajin da suke a lakwal, kafin su gama ba shi amsa kunnensa ya koma titi.

Abu ɗaya tak ya taɓa sawa a ƙasa. A tafiyarsa ta farko bayan ya auri Ajuma, ya dawo daga Paraku da dashen mangwaro mai aure a cikin gwangwanin tumatir. Ya haƙa rami a tsakar gida, ya dasa, ya wanke hannu, ya tafi. Ajuma ce, tana amarya, ta shayar da shi da ruwan alwala da na wankin shinkafa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Yau mutum biyu ba sa rungume gindinsa, inuwarsa ta rufe tsakar gidan duka har ta tsallako ta ba ni rabona. Amma je ka saurari Cha'ibu a tasha: mangwarona kaza, mangwarona kaza. Yakan ce in ya hauro daga gada, daga kan kujerar kamiyo yake hango kan itacen ya fi na kowa duhu, sai ya san ya iso. Wannan kam na yarda ba cika baki ba ne, don muryarsa takan sauka in yana faɗa.

Sai ga shekarar da aka rufe gadar kan iyaka. Motoci suka yi layi har tayoyinsu suka sace a tsaye. Cha'ibu ya dawo gida da jakarsa ta tafiya, ya rataye ta a ƙusa bakin ƙofar ɗakinsa, bai kwance ta ba. Riga biyu, darduma, tocila da asuwaki suna ciki suna jira. Shi ma jira yake, sai dai bai iya ba. Ya zauna, ya tashi. Ya je bakin gada ya kalli abin da aka tare ta da shi, ya dawo. Ya cire ƙyauren da ba abin da ya same shi, ya sake ɗaura shi a karkace. Ya kunna rediyo, ya kashe, ya duba waya ko mai mota ya kira. Wata rana Ajuma ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Zuliha, ranar da anka buɗe hanyar ga, ni zan fara hidda sadaka."

A cikin wannan zirga-zirgar ne ya yi tuntuɓe da saiwa har farcensa ya fashe, ya dubi ƙasa a karon farko. Shekara talatin yana kallon mangwaronsa daga sama. Ƙarƙashinsa ƙasa ce tsirara, mai tauri kamar daɓe, ta lotsa ta zama kwari, saiwoyi sun fito fili suna kwance ko'ina. Mu kuwa nan ruwan sama ba wasa yake mana ba. In ya sauko sai ya taru a kwarin, ya nemi hanya, hanyar kuma ta bi ta gindin ɗakin Harun.

Harun yayansa ne, ɗan kasuwa a Yamai, kuma rabin gidan nasa ne na gado. Da ya zo Babbar Salla, a bakin damina, ya tarar bangon ɗakinsa ya tsage daga tushe. Ya kira Alfari magini. Alfari ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce magani ɗaya ne: a sare itacen, a cike kwarin, a zuba siminti kowa ya huta.

Harun ya ce, "Cha'ibu, ba gardama na zaka yi ba. Iccen ga ya hana komi tsira ƙarƙashinai, ruwa na cin ɗakina. In na komo bayan damana na iske ramin ga yadda shi ke, da mai injin yanka zan zaka."

Cha'ibu ya daɗe yana kallon saiwoyin. Ya ce, "Yaya, ba ni damanar ga. Zan samo abin da zai riƙe ƙasar."

"Na ba ka. Kai da ba ka taɓa kwana ukku wuri guda ba."

Tun daga ranar zirga-zirgar ta sami alƙibla. Duk wanda ya haɗu da shi, a wurin mai shayi ko a ƙofar masallaci, sai ya karanto masa sharuɗɗansa: yana neman abin da zai rufe ƙasa a cikin inuwa, abin da ba ya son ruwa, ba ya son yanka, ba ya son kowa. In aka tambaye shi dalilin wannan na ƙarshen, sai ya ce ai ana iya buɗe hanya gobe. Direbobin da ke zaman kashe wando tare da shi, waɗanda ko barkono ba su taɓa shukawa ba, kowa ya zama gwanin garka.

Ya fara da abin da idonsa ya saba gani a ƙofar otal-otal na Kwatano, ciyawar nan mai laushi da ake ce wa gazo. Ya shiga kwale-kwale ya haye Malanbil, ya dawo da ita cike da buhu, da ƙasarta. Ya shimfiɗa kamar mai shimfiɗa wa baƙo. Ciyawa ta duba sama ba ta ga rana ba, ta yi rawaya, ta yi sanƙo, ta mutu duk da ruwan da yake ɗura mata safe da yamma. Na leƙa na yi masa ta'aziyya, ya ce in koma wurin kuɓewata.

Ya je Tanda ya samo yaɗon dankali, don an ce masa shi ba ya zaɓen wuri. Dankalin ya kama kam, amma wayo gare shi. Ya miƙe siriri, ya bar gindin itacen, ya nufi ɗan wurin da rana ke faɗowa kusa da madafa, can awakin Ajuma suka tarbe shi. Sai ya ce to, a bar mai rai, a kawo marar rai. Ya sa aka sauke masa amalanken jar tsakuwa, ya baje. Ajuma ta yi kwanaki tana tafiya a tsakar gidanta kamar mai ciwon ƙafa. Ruwa na gaba da ya sauko ya kwashi tsakuwar ya jibge ta a ƙofar ɗakin Harun. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: tsagar bangon ta ƙara buɗewa har yatsa na shiga. Damina kuma ta kai tsakiya.

Gaisuwar mutuwa ce ta kai shi garin Bana. Bayan an shafa fatiha, da yake ba ya iya zama, sai ya sulale ya bi bayan gari. Ya shiga wata tsohuwar garka da aka daina aiki, mai manyan mangwarori da suka girmi nasa. Inuwar ta fi tasa duhu, amma ƙasan kore ne shar. Wani tsiro ne mai yaɗo ya bi tsakanin busassun ganyaye, kowace gaɓa tasa ta kafa saiwa, da ɗan fure shuɗi a kansa. Ya taka, ya ji laushi. Ya duba ko'ina bai ga saiwar mangwaro ko ɗaya a waje ba. Mai garkar, wani Adamu, ya iske shi durƙushe yana tona da yatsa.

Cha'ibu ya ce, "Mine ne sunan wanga, kuma wa ya shuka shi?"

Adamu ya yi dariya har ya dafa itace. "Balasa ce, baƙo. Wa zai shuka masifa? Ka nome ta ka yas, inda ta hwaɗi nan take kamawa. Da rani ta kwanta ƙarƙashin ganye, ruwan hwari ta tashi."

"Ban ruwa fa?"

"Ko kallonta ba mu yi."

Haka taubashina ya shigo Gaya a bayan kabu-kabu, rungume da buhun haki, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga Makka. Ya dasa ta gaɓa-gaɓa kafin magariba. Da ya dawo daga sallar asuba da hirar bakin gada, babu ko ganye ɗaya. Ya zagi awaki, ya ɗaure su. Ya dasa sauran da ke cikin buhu. Ni na san ba awaki ba ne, amma ba a tambaye ni ba.

A rana ta gaba bai tsaya hira ba, ya dawo kai tsaye daga masallaci. Ya tarar da Ajuma a duƙe, tsintsiya a hannun dama, hagu kuma tana tsinke balasar ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kwando. Ba ɓoyewa take ba. Aikinta take yi kamar kowace safiya.

Ya ce, "Ajuma, ashe ke ce."

Ba ta ɗago ba. "Ni ce, Malam. Duk damana tana hitowa nan da kanta, duk damana ina tuge ta. Ba sai ka tahi Bana ba."

"Ki bar ta. Ita za ta riƙe ƙasar."

Sai ta miƙe, ta dafa ƙugunta da ya daɗe yana ciwo. "Haki cikin tsakar gidana? Mata su shigo barka ko gaisuwa su ga ganye kwance, ciyawa na yaɗo? Gidan da matar gida ta mutu shi ka zama haka, ko wadda ta yi yaji. Shekara talatin ba ka nan, ba wanda ya taɓa shigowa ya ce gidan ga ba shi da mai shi."

Ta ja shi zuwa gindin itacen, inda randar ruwa ke zaune a kan wani tsohon dutsen niƙa. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan, bakin dutsen daidai yake da ƙasa. Yanzu yana tsaye a kan wani ɗan wuyan ƙasa, kusan kamu guda sama da inda suke taka.

Ya ce, "Ruwa ya ci wannan duka?"

"Ruwa ya samu hanya ne. Tsintsiya ta ci. Sahe da marece, kwando guda, ina zubawa bayan katanga."

Allura ta tono garma. Bayan katangar nan akwai wani tudu a gefen gidana, inda nake shuka kuɓewa da masara, mutane na tambaya ta wane taki nake sawa. Ashe tsakar gidan Ajuma nake nomawa. Ina jin su ta katanga, na ji dariya ta taso mini, sai kuma ta maƙale, don Cha'ibu ya soma karanto mata sharuɗɗansa cikin lallashi: abin nan ba ya son ruwa, ba ya son yanka, ba ya son kowa, in ya kama shi ke nan, ko yana nan ko ba ya nan.

Ta ce, "Ai ka taɓa samun irinshi, Malam. Ka aje shi gidan ga ka tahi."

Ni da ba da ni ake ba, sai da na ji maganar a ƙirjina. Ajuma ta jingine tsintsiyar a bango, ta shiga ɗaki.

Ya zo wurina da kwando ya roƙi ƙasarsu. Kuɓewata tana cikin fure. Na gaya masa maganganun da taubashiya kaɗai ke da ikon faɗa, sannan na bar masa rabin tudun. Ya yi ta jida a ka, shi da ya saba ɗaukar tan-tan na shinkafa ba tare da ya taɓa buhu ba. Ya rufe saiwoyin, ya cike kwarin, ya sake komawa Bana, ya dasa a karo na uku. Ganyen mangwaro ya faɗo, aka bar shi inda ya faɗi.

Ajuma ta cika alkawarin da ba ta furta ba, ba ta sake shara a gindin itacen ba. Amma rashin zaman ya koma kanta. Da asuba sai in ji ta fito, ta tsaya, ta koma. Ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta dubi ganyayen, ta ce, "Ajuma, ko jikin ne?" Ajuma ta ce lafiya lau, ta miƙa mata turmi, ta juya fuska. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Na ji haushin matar, na ji haushin Cha'ibu, na kuma ji tausayin itacen da bai san ana yi ba.

Balasar ta fara kafa saiwa ke nan, ba ta haɗe ba, wayar da ake jira ta yi ƙara. Sa'idu ne, mai kamiyon da Cha'ibu ke ja. Ya ce ya gaji da jiran gada, zai tura motar ta doguwar hanya, ta Burkina zuwa Lome, cikin jerin gwano da rakiyar soja. Tafiyar wata biyu ko fiye. Za a tashi ranar Alhamis, in Cha'ibu ba ya so akwai masu so. Na ji amsarsa har cikin ɗakina: yana so. Ranar ya zagaya itacen ya fi a ƙirga, yana gaya wa kansa da ƙarfi cewa ai ta riga ta kama.

Safiyar Alhamis ya dawo daga masallaci ya miƙa hannu ga ƙusa, babu jaka. Riga biyu, darduma, tocila da asuwaki suna ajiye a kan tabarma, an ninke su tsaf. Ajuma ta fito daga ɗakinta da mayafin unguwa, jakar a kafaɗarta. Ƴarsu Yasmin, da ke aure a Junju, ta haihu a makon. Haihuwarta ta uku ke nan, kuma ko sau ɗaya uwar ba ta je ta zauna mata jego ba, don ba a barin gida ba kowa.

Ta ce, "Malam, na ari jakarka, ina neman izini. Tunda ƙasar ba ta son tsintsiya, ba ta son ni. Zan tahi in kama ma ɗiyarka ruwan wanka."

Wa zai hana uwa zuwa jegon ƴarta? Ya ce, "Motar Sa'idu yau za ta tashi."

"Na ji. Allah shi kiyaye hanya." Ta gyara jakar. "Awaki na son balasa, kaji na tone ta. Kuma ƙasa shararriya tana hwaɗin abin da ya ja ciki bisa gare ta, maciji ko kunama. Wagga ba ta hwaɗi. Sai an bi ta da sanda kullum sahe kahin a taka. Ban sani ba ko mutumin Bana ya gaya maka."

Ta leƙo ta yi mini sallama, ta fita. Ban taɓa ganin ta tana sauri haka ba.

Da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kamiyon Sa'idu ya tsaya a bakin titi ya danna oda, wato hon, wannan odar da Cha'ibu zai gane ko cikin barci. Ya zuba kayansa a leda, ya kai zaure. Ya waiwayo. Kaji sun riga sun shiga sabuwar ƙasar suna watsa ta da ƙafa, akuya ɗaya ta tsinke igiya. Ya dawo ya kore su, ya koma zaure. Oda ta sake tashi. Ya dubi hadarin, ya dubi ƙasar da ya jido a kansa, wadda ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya mayarwa gindin ɗakin Harun in ba a tare bakinta ba. Ya ce da ni, "Zuliha, ko za ki..." Na ce ni da aka cinye wa rabin kuɓewa? Da ya ƙara roƙo da na yarda, Allah ya sani. Bai ƙara ba. Ya ajiye ledar, ya ɗauko duwatsu ya soma jerawa a inda ruwan ke fita. Yana durƙushe a wurin aka ja motar, ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace, hannunsa bai tsaya ba.

Sauran daminar a gindin itacen ya yi ta. Ba zan ce ya koyi zama ba, ƙarya ba kyau. Zagayawa yake da sanda, yana ɗaga ganye, yana maida gaɓar da ta tuge, yana faɗa da kaji kamar ƴan duwan, wato kwastan. Sau ɗaya ya kashe kububuwa kusa da randa. A hankali balasar ta haɗe, ta bi ta kan busassun ganyaye ta ɗinke su da ƙasa. In gari ya waye furanni shuɗɗa su buɗe, kafin azahar su rufe. Ruwa ya riƙa sauka yana nutsewa a inda ya faɗi.

Harun ya zo bayan an yanke gero, da mai injin yanka a bayansa kamar yadda ya faɗa. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi tsakar gidan. Ya je gindin ɗakinsa ya tona da tsinin takalmi, ya tarar a bushe, tsagar tana inda ya bar ta a faɗin yatsa. Ya taka balasar, ya ɗan yi tsalle a kai, dattijo da shi.

Ya ce, "Gidan ga ya koma kamar kango."

Cha'ibu ya ce, "Ƙasar ta tsaya, Yaya."

"Ta tsaya." Ya juya ya sallami mai injin. Sannan ya dubi ƙofar ɗakin da ke rufe. "Ina Ajuma?"

An yi arba'in ɗin jego tuni. Ta aiko cewa jaririn na da ɗan tari. Daga baya ta aiko cewa ana bikin wata ƴar ƙawarta. Ta je kasuwar da ba ta taɓa gani ba, ta kira ni tana ba ni labarin farashin manja tana dariya. Ba ta ce ba za ta dawo ba, ba ta kuma faɗi rana ba. Cha'ibu ya daina zuwa bakin gada. Yanzu tashar motocin Junju yake zuwa da la'asar, ya tsaya kamar mai jiran saƙo, ya dawo ya ba awaki dusa.

Kwanan baya da asuba na ji ƙarar tsintsiya ta katanga, na yi maza na leƙa da murnata. Shi ne. Ya duƙa a karkace, ya riƙe tsintsiyar Ajuma kamar mai riƙe giyar mota, yana share wata siririyar hanya daga zaure zuwa ƙofar ɗakinta. Ko'ina ganye da kore, ban da wannan zirin, tas da shi.

Na ce, "Taubashi, ka zaɓi abin da ba ya son kowa, ga ka da tsintsiya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Motar Junju wani lokaci da sahe take isowa. Kar ta shigo ta ce gidan ba shi da mai shi."